Rautar Ɗakina da Majalisar Yaya Babba

Shekarar da maigidana ya tafi Jidda aikin tuƙi, abu na ƙarshe da ya shigo da shi gidan nan rauta ce, 'yar fara mai ƙaho biyu, irin wadda ake saka wa sim ta raba wa wayoyi intanet. Gidanmu gidan gado ne a ƙarshen Birnin Kudu ta hanyar Kangire, sabis kuwa a cikin ɗakina sai dai haƙuri. In mutum bai fita ƙofar gida ya ɗaga waya sama ba, ko hoto ba zai buɗe masa ba. Ni kuwa matar aure da goyo, ina ni ina tsayuwa a titi? Shi ya sa ya sayo ta. Ya ce kullum in ya tashi daga aiki zai kira ni ta bidiyo, ya gan ni, ya ga 'yarsa da ya bari ko zama ba ta fara ba.

Bai samu ya haɗa ta da kansa ba, motar Kano na jiransa, sai ya bar wa wansa sallahu. Wan nan nasa duk gidan Yaya Babba muke ce masa. Yana da motocin haya, direbobi ke masa aiki, shi kuwa daga La'asar yana kan dakalin ƙofar gida da majalisarsa har a kira Magariba. Dakalin nan jikin bangon ɗakina yake. Tsakanina da shi kunya ce ta wan miji: a durƙushe nake gaishe shi, ba na kallon fuskarsa, ba na kama sunansa, shi ma ko da wasa ba ya taka ƙofar ɗakina. Don haka a zaure aka miƙa masa rautar. Ya jujjuya ta, ya yi 'yan danne-dannensa a waya, aka dawo min da ita aka ce ta haɗu. Na aika da godiya har da addu'a, wai Allah Ya bar zumunci. In na tuna addu'ar nan har yau sai na ji haushin kaina.

Makonnin farko lafiya lau. Lokacinsu na gaba da namu, saboda haka bayan La'asar ɗinmu yake kira. In yi wanka, in ɗaura ɗankwali mai kyau, in ɗora yarinya a cinya tana kai wa fuskarsa cafka a jikin gilashi. Yana ba ni labarin zafin garin da shinkafar da ta ishe shi, ina ba shi labarin akuyar Hajiya, wato mahaifiyarsu, da ta cinye min zogale.

Sai abin ya fara. Muna tsakiyar magana sai fuskarsa ta ƙame, baki a buɗe, 'yar da'irar nan ta hau juyawa, kira ya mutu. In dubi rauta, fitilunta duk a kunne, kore shar. In dubi wayata, alamar waifai ta ɓace, in nemi ta haɗu ta ƙi. Sai wajen Magariba, ina kwashe tuwo, in ga ta dawo da kanta kamar ba ita ba. A lokacin shi kuma ya kashe waya ya kwanta, don tun kafin asuba yake fita. Kuma ba kullum ba ne. Yau ta yi, gobe ta ƙi, jibi ta yi rabi ta tsaya. Da lalacewa ta yi gaba ɗaya ai da na huta, na san abin da zan ce masa.

Babu abin da ban yi wa na'urar nan ba. Na kashe na kunna har yatsana ya san wurin a makance. Na cire sim na goge da bakin zani, na hura ramin na maida. Na ɗauke ta daga kan durowa zuwa taga, daga taga na rataye ta a ƙusa dab da rufi, ina tsaye kan turmi da goyo a baya. Maƙwabciyata ta ce kwanukan silba na tare sabis, na sauke jeren da Innata ta yi min da hannunta, na cusa a ƙarƙashin gado. Aka ce wutar solarmu ce ke yin ƙasa da yamma, na samo mata ɗan batirinta ita kaɗai. Aka ce zafi ne, na ajiye ta kusa da randa ina mata fifita sai ka ce mai jego. Hajiya ta ce a'a, irin wannan zuwa da tafiya ba na lafiya ba ne, ta aiko min da turaren hayaƙi, na turara. Mijin maƙwabciyata ya kai ta wurin mai gyara a kasuwa da safe, suka kunna ta, suka yi ta kallon bidiyo har suka gaji, aka dawo min da ita wai lafiyarta ƙalau. Yo ai ni ma na san da safe lafiyarta ƙalau!

Da farko maigidana dariya yake yi. Daga baya dariyar ta ƙare.

Wata rana ya ce, "Wai ni kam, me ya sa sai ina magana da ke take yankewa?"

Na ce, "Wallahi Malam, ni ma abin da ya hana ni sakat ke nan."

Ya ce, "Na tambayi Yaya. Ya ce su a ƙofar gida ba ta taɓa ɗauke musu ba ko sau ɗaya."

A ranar na san ashe majalisa ma da rautata suke kallo. Wannan bai dame ni ba, gida ɗaya ne, kuma na san ƙani ba zai hana wansa lambar shiga waifai ba. Yadda ya yi maganar ne ya tsaya min a rai. Bai ce ƙarya nake ba, amma ya ɗan kauda kai yana faɗa, kuma na san mijina. Daga nan tambayoyi suka canza. Wa ya shigo yau? Muryar wa na ji? Me ya sa kika yi kwalliya haka? Ni da nake kwalliyar saboda shi! Mutumin da ke can ba iyali, cikin ɗaki da ƙarti, ba shi da abin yi in ya kwanta sai tunani, ga wansa na cewa na'ura lafiyarta ƙalau. Na gane inda zancen ya dosa, kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi sai rantsuwa, ita ma ta fara tsufa a kunnensa.

Ranar da abin ya kai ƙarshe, muna cikin magana sai ya ce, "Juya wayar in ga ɗakin."

Raina ya ɓaci, amma na ce to. Na ɗaga hannu zan juya ta ke nan, ɗif, ta ɗauke. Innalillahi! Ko da kuɗi aka biya wani ya tona min asirin da ba ni da shi, ba zai zaɓi lokaci ya fi wannan ba. Na miƙe na fizge wayar wutar daga jikin rautar, na yi jifa da ita kan katifa, na zauna na yi kuka har yarinya ta taya ni.

Da safe na leƙa tsakar gida inda sabis ke ɗan kamawa, saƙon muryarsa ya shigo. Ya ce in na gaji da ganin fuskarsa in faɗa masa, in kuma wani abu nake ɓoyewa Allah na gani. Ya ce in tafi gida in huta har ya dawo. Babu macen da ba ta san ma'anar wannan hutun ba. Na haɗa kayan yarinya, na naɗe rautar a cikin zanin goyo, na yi wa Hajiya sallama na hau motar Gwaram.

Inna ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi jikarta ta ba ni fura. Adda ce, yayata, malamar makaranta, ta ja ni ɗaki ta ce in zauna in yi mata bayani, ba ta son kuka. Na ba ta labari, na kwance zani na nuna mata mai laifin. Ta jona ta a wuta. Wayata ta ƙi haɗuwa ƙememe. Adda ta karɓi lambar ta saka a tata, nan take ta kama, har bidiyo ya buɗe.

Ta dube ni ta ce, "Ke, rautarki ba ta da laifi. Wayarki aka kora."

Na ce, "Kamar yaya aka kora?"

Ta kifa rautar. Ashe a gindinta akwai wata lamba daban da wadda muke sakawa, ita ce makullin cikinta. Duk wanda ya shiga da ita zai ga kowace waya da ke kai, ya kori wadda ya ga dama, ya dawo da ita lokacin da ya ga dama. Adda ta shiga. Ga jerin wayoyin da suka taɓa hawa nan rututu, na mutanen da ban ma san fuskarsu ba. A gefe guda kuma ga wurin waɗanda aka kora, waya ɗaya ce tak a ciki, tawa. Da na fizge wuta jiya cikin fushi, wanda ya kore ni bai samu damar dawo da ni ba.

Adda ta ce, "Wa ya haɗa miki ita ranar farko?"

Ni kuwa kaina ya riga ya tafi wani wuri. Na tuna ihun da nake ji ta bango duk ranar da nake zaune ina kallon fuskar mijina a ƙame. Ihun ƙwallo ne. Ranar da babu wasa kira ya tafi daidai, ranar da ake wasa, da zarar hotonsu ya fara tsinkewa, sai Yaya Babba ya sa yatsa ya cire matar ƙaninsa don ƙwallo ta tafi sumul. In an tashi ya maida ni, ya tafi masallaci ya tsaya a sahun gaba. Kuma da ƙaninsa ya tambaye shi, ya buɗe baki ya ce su ba ta taɓa ɗauke musu ba. Gaskiya ya faɗa, munafuki! Aurena na rawa, ni ina fifita wa roba, shi yana can yana ihun gol.

Ban taɓa jin tsanar mutum irin ta ranar ba, har bakina ɗaci yake. Adda ta ɗauki mayafi wai mu tafi Birnin Kudu yanzu ta wanke shi tas a gaban majalisarsa. Na riƙe ta. Na ce in ta yi haka za a ce dangin mata sun zo sun ci mutuncin babban gida, maganar rauta ta bi iska. In kuma na faɗa wa mijina da baki, maganata ce da ta wansa, na kuwa san wadda zai ɗauka.

Na ce, "Ke dai canza min makullin nan, ki nuna min inda ake dannawa."

Ta canza na cikin, ta bar lambar da kowa ya sani yadda take, don kada su farga. Ta nuna min wayarsa, ita ce ta farko da ta taɓa hawa, tun kafin tawa. Na kwana biyu na koma. Na aika wa maigidana cewa na ga Inna, na dawo ɗakina. Ya amsa da "To" kawai.

Ranar wasa ta farko na tashi na yi dambu mai rai da lafiya, da zogale da man gyaɗa, na aika wa majalisa faranti guda. Na shimfiɗa tabarma a gindin bango, na jingina, waya a hannu. Ban san komai a ƙwallo ba, amma kunne ya koya min. In murya ta yi ƙasa, babu komai. In aka fara "Ga shi nan! Ga shi nan! Buga mana!" to lokaci ya yi. Na danna.

"Kai! Kai! Ta tsaya! Alhaji, wayarka ta tsaya!"

Wayar Yaya ce babba, ita ake jinginawa a benci kowa ya kalla. Sai da na ji ihu ya tashi daga gidan kallo na can bakin titi, na san an ci, sannan na dawo da shi ya ga mutane na rungumar juna. Wallahi daɗin da na ji ranar ban ji shi ranar da aka kawo lefena ba. Na toshe baki da ɗankwali ina dariya har da hawaye.

Haka na riƙa yi masa, kuma yadda ya yi min, ba kullum ba. Yau in bar shi ya sake, ya ce ai ta gyaru, gobe in yanke shi a bugun fanareti. Shi kaɗai nake cirewa, na kusa da shi wayarsa na aiki. Ina ji yana hawa kan dakali yana ɗaga waya, ina ji yana zagin kamfani, yana cewa a cire sim a goge. Na ce a raina, goge da kyau Yaya, ka hura ramin ma. Ya ba direbansa wayar ya kai Kano aka canza batir. Da abin ya ƙi, ya sayo sabuwa dal, har ya shigo da ita Hajiya ta sa albarka. Da yamma na ga baƙuwar waya ta hau, na yi mata maraba yadda ya kamata.

Na san ya gwada shiga da tsohon makulli ya kasa, na kuma san ya gane. To amma ya zai yi? Ɗakina ba ya shiguwa gare shi. Tambayata kuwa, me zai ce? Ya ce me ya sa kika canza makullin da nake korarki da shi? Kunyar da ta rufe min baki ta rufe nasa. Ƙarshe matarsa ya turo, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, wai in ba da rauta a duba, tana ba su matsala.

Na ce, "Ikon Allah! Ki ce wa Yaya ni dai a nan ciki ba ta taɓa ɗauke min ba ko sau ɗaya."

Da safe in muka haɗu a tsakar gida durƙusona har ya fi na da. "Ina kwana, Yaya? An tashi lafiya?" Ya amsa ta cikin haƙora ya wuce.

Sai dai duk wannan daɗin bai gyara min komai ba, ƙara ɓata min ya yi. Kiranmu ya daina yankewa, maigidana kuwa ya ɗauki wannan a matsayin shaida. Ya ce, "Kin gani? Tun da na yi magana ta daina. Ashe dai da hannu ake yi." Yana kira, amma 'yarsa yake cewa in nuna masa, ni ko gajiya ba ya tambayata. Na ga in ban sa ya ji da kunnensa ba, zan ci nasara a kan wansa in rasa shi.

Na jira ranar babban wasa. Tun Azahar ake jan benci, aka kira mai shayi, majalisa ta cika har da waɗanda ba sa zuwa. Da maigidana ya kira na ce, "Malam, don girman Allah kada ka ce komai, saurara kawai." Na hau turmi na tsaya dab da 'yar tagar da ke saman dakali. Wannan karon duka na kora, na dawo da su, na sake kora, yadda za su zaci nauyi ne ya yi wa rautar yawa. Sannan na kara wayar a bakin taga.

Aka yi ta salati da tsaki. Can wani direbansa mai babbar murya ya ce, "Alhaji, matar ƙaninka ce ta hau waya. Cire ta mana yadda ka saba!"

Yaya Babba ya ce, "In cire ta da me? Munafukar ta canza makulli. Tun da ta dawo daga Gwaram na kasa shiga."

Wani ya yi dariya ya ce, "Allah sarki da, kana dannawa take sauka."

Na sauko daga turmi. Na zauna bakin gado na juyo da wayar. Ga fuskar mijina tar, har zufar goshinsa ina gani. Ya ji komai. Ba na son a kori kowa, ba na son a tara dangi. Watanni ina jiran ya dube ni ya ce yi haƙuri, na zarge ki a banza. Na zuba masa ido ina jira.

Ya shafa fuska, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ki maida musu. Mutane sun taru, kada ki ba Yaya kunya."

Na ce, "Malam, ka ji abin da ya ce kuwa?"

"Na ji. Yaya ne fa. Maganar ta mutu a nan, kada Hajiya ta ji."

"To ni fa?"

Ya ce, "Ke me?"

Na dube shi da kyau. Hoto bai tsinke ba, murya ba ta sarƙe ba, fitilun rauta kore shar. Na ɗaga babban yatsana yadda zai gani sarai, na ɗora a kan jan madannin, na kashe. Ya sake kira, na ajiye wayar a kan tabarma tana ta ruri, sabis cike, na ɗauki 'yata na goya ta.